Bayan Barka Da Arziki: Maganin Motsa Ido Da Ciwon Firgita A Katsina

Duk wanda yake cikin birnin Katsina ranar Juma'a, 18 ga watan Disamba, 2020, ba zai manta da safiyar nan ba. A ranar ne aka shigo da yara 344, ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, waɗanda 'yan bindiga suka kora daji a daren 11 ga watan. Aka sauke su a Gidan Gwamnati, ƙafafu ba takalma, jiki duk ƙura, wasunsu lulluɓe da barguna. Iyaye suka yi kukan murna, gwamna ya yi jawabi, shugaban ƙasa ya gan su, 'yan jarida suka ɗauki hotuna. Kowa ya ce barka da arziki, sa'an nan aka watse.

Da yawa daga cikinmu muna sakandare a wannan shekara, watau tsararrakinmu ne aka sace. Ba mamaki wasunsu a yau suna zaune tare da mu a ɗakunan lacca. Tambayar da muke so mu yi wa shugabanninmu, da malamanmu, da mu kanmu, ita ce wannan: bayan an yi barka da arziki, wa ya koma ya tambayi yadda waɗannan bayin Allah suke barci?

Ba mu ɗauko wannan magana daga littafi ba. Akwai wani abokin karatunmu, mutumin wani ƙauye na yammacin jihar nan, wanda muka zauna ɗaki ɗaya da shi. Yaro ne mai natsuwa, mai ƙoƙari a aji. Amma in dare ya raba, babur ya wuce bayan ɗakin kwananmu, sai ya zabura ya miƙe tsaye, gumi na zuba, yana lalube ƙofa. Da fari mun ɗauki abin wasa, har muna yi masa ba'a. Sai daga baya muka gane cewa bisa babura aka shigo garinsu daren da aka kashe yayansa, shi kuwa yana kwance cikin karan dawa yana jin komai. Shekara uku da faruwar abin, amma a wurinsa kowane dare daren nan ne. Ka duba yawan baburan da ke cikin birnin Katsina, sa'an nan ka auna irin zaman da yake yi a cikinsa.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan hali, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Malaman Musulunci ma ba su bar shi ba, domin tun fiye da shekara dubu da suka wuce Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan kula da lafiyar jiki da ta rai, ya keɓe wa tsoro da firgita babi nasu. Likitocin Amurka kuwa sai a 1980 suka shigar da shi cikin kundin cututtukansu, bayan sun ga halin da sojojinsu da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suke ciki. Suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, PTSD. Mu a nan za mu kira shi ciwon firgita.

Alamominsa sanannu ne. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki ko a farke, kamar yanzu yake aukuwa. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, ko hanya ce, ko wari, ko wata ƙara. Kullum a ɗarare yake, barci ba ya nisa, fushi na kusa. Sau da yawa kuma yana ɗora wa kansa laifi, yana cewa da ya yi kaza da ba a kashe wane ba. Gaskiya ne cewa yawancin waɗanda masifa ta auka wa sukan farfaɗo da kansu cikin 'yan makonni, da taimakon dangi da addu'a da haƙuri. Amma akwai wani kaso da abin ba ya sakinsu. In alamomin nan suka wuce wata guda suna hana mutum karatu ko neman abinci ko zama da iyali, to, ya zama ciwo, kuma ciwo magani yake bukata.

Wa zai ƙidaya masu wannan ciwo a jiharmu? Shekaru da dama ke nan ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu da iyakar Zamfara, irin su Jibiya, da Batsari, da Safana, da Ɗanmusa, da Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, da Ɗandume, suna shan hare-hare da satar mutane. A watan Oktoba na 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya. A ranar 19 ga Agusta, 2025, aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe mutane da dama. Kowace gawa ta bar uwa, ko mata, ko ɗa da ya gani da idonsa. Waɗanda suka tsira kuwa da yawansu nan birni suka kwararo. Daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Ƙaura za ka gan su, mata da yara, cikin kangaye da bakin titi. Mukan ba su sadakar tsaba da tufafi, Allah ya saka wa masu yi. Amma akwai yunwar da tsaba ba ta kashewa.

To, a nan ne muke so mu gabatar wa masu karatu wata hanyar jinya wadda yawancin mutanenmu ba su taɓa jin labarinta ba. Turawa suna kiranta EMDR, mu kuwa sai mu ce maganin motsa ido. Asalinta daga wata Ba'amurkiya ne mai suna Francine Shapiro, masaniyar halayyar ɗan Adam. A 1987 tana yawo a wani lambu, wasu tunane-tunane na damunta, sai ta lura cewa in idanunta suka yi ta kai da kawowa da sauri, zafin tunanin yakan ragu. Ta gwada a kan wasu mutane, sa'an nan a 1989 ta wallafa bincikenta na farko a kan mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Daga nan masu bincike a ƙasashe da dama suka yi ta gwada hanyar, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin hanyoyi biyu da ta ba da shawarar a yi wa masu ciwon firgita jinya da su, manya da yara. Ɗaya hanyar ita ce ta tattaunawa da gyaran tunani wadda ake fuskantar abin da ya faru kai tsaye.

Yadda ake yinta kuwa, matakai takwas gare ta, kuma motsa idon ba shi ne na farko ba. Mai jinya, watau ƙwararren da aka horar, zai fara da sanin tarihin majinyaci, sa'an nan ya koya masa hanyoyin kwantar da hankalinsa in abin ya taso. Sai ya tabbata mutum ya iya riƙe kansa kafin a taɓa mikin. Daga nan majinyaci zai ɗauko hoto ɗaya mafi muni daga cikin abin da ya same shi, ya riƙe shi a zuci tare da mummunar maganar da yake faɗa wa kansa, alal misali "ni ne sila" ko "ba ni da sauran daraja". Za a tambaye shi zafin da yake ji, daga sifili zuwa 10. Sai mai jinya ya ɗaga yatsunsa biyu yana kai su dama da hagu, majinyaci na bin su da ido kamar na rabin minti. A tsaya, a ja numfashi, a tambaye shi abin da ya zo masa, a sake. Haka za a yi ta yi har zafin ya sauko, sa'an nan a ƙarfafa wata magana ta gaskiya a madadin waccan, kamar "na yi iyakar ƙoƙarina" ko "abin ya wuce, na tsira". Wanda ido ke ba shi wahala, akan yi masa da ɗan bugu a hannun dama da na hagu bi da bi, ko da sauti a kunnuwa. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 60 zuwa 90, kuma galibi akan yi zama 6 zuwa 12, ko da yake wanda masifu suka yi masa yawa yakan bukaci fiye da haka.

Mai karatu zai ce, ina haɗin ido da firgita? Bayanin da ya fi samun goyon bayan gwaji shi ne wanda masana irin na Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka yi aiki a kansa. Sun ce ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe abin da mutum yake aiki a kai a halin yanzu ƙarami ne, ba ya ɗaukar kaya da yawa lokaci guda. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. In mutum ya ɗauko mummunan hoto, kuma a daidai lokacin yana aikin bin yatsa da ido, sai hoton ya rasa cikakken wurin zama, ya dusashe, zafinsa ya ragu. In aka mayar da shi ma'ajiya, a dusashensa yake komawa. Mutum ba ya mantawa da abin da ya faru. Yana tuna shi ne a matsayin abin da ya wuce, maimakon ya riƙa auka masa kowane dare.

Dalilin da ya sa muke ganin wannan hanya ta dace da mutanenmu shi ne kunya. Mu mutane ne da aka rena a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matar da ta yi wata biyu a hannun 'yan bindiga, wa za ta zauna ta zayyana wa abin da aka yi mata dalla-dalla? Ko mahaifiyarta ba za ta iya faɗa wa ba, balle wani baƙo mai farar riga. Dattijon da aka wulaƙanta a gaban 'ya'yansa, ya gwammace ya mutu da abin a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta bayyana cewa maganin motsa ido ba ya bukatar majinyaci ya ba da cikakken labarin abin da ya same shi, kuma ba a ba shi aikin da zai je gida ya yi. Yana iya riƙe hoton a zuciyarsa, ya faɗi kaɗan, aikin ya tafi. Bugu da ƙari, ba ƙwaya ake sha ba, ba allura, ba na'urar da ke jiran wutar lantarki. Kujera biyu, da ɗaki mai sirri, da ƙwararre mai jin Hausa ko Fulatanci, sun wadatar. Wanda bai taɓa shiga aji ba zai amfana daidai da mai digiri.

Kada kuma a ce abin Turawa ne kawai. An gwada shi a kan Musulmi 'yan gudun hijirar Siriya a sansanin Kilis na ƙasar Turkiyya, aka wallafa sakamakon a 2016. Mutum 70 aka raba gida biyu, kuma waɗanda aka yi wa jinyar sun sami sauƙin firgita da baƙin ciki fiye da waɗanda suke jiran layi. A ƙasar Meziko kuwa, bayan guguwar da ta auka wa birnin Akapulko a 1997, masu jinya sun fito da hanyar yi wa yara da yawa a taro ɗaya, kowane yaro ya harɗe hannuwansa a ƙirji yana ɗan bubbuga kafaɗunsa bi da bi. Ga jihar da aka sace yara 344 a dare ɗaya, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Mun san akwai masu ja, kuma ya kamata a saurare su. Na farko su ne waɗanda za su ce wannan ai rufa-ido ne, ko wani tsafi, ko kuma rashin tawakkali. Amsarmu ita ce babu surkulle a ciki, ba a kiran sunan kowa, ba a gusar da hankalin mutum. Majinyaci a farke yake, yana iya ɗaga hannu a tsaya duk lokacin da ya so. Game da tawakkali kuwa, malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya kore shi. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, ba a kuma ce imaninsa ya raunana ba. Wanda ya karye a ƙafa mukan yi masa addu'a, mu kuma kai shi wurin maɗori. Don me wanda ya karye a zuci za a ce masa ya yi haƙuri kawai, in ya kasa a ce imaninsa ne bai cika ba, ko aljanu ne suka shafe shi?

Na biyu su ne masana da kansu. Akwai daga cikinsu waɗanda suke ganin motsa idon ado ne kawai, abin da ke warkarwa shi ne fuskantar tunanin a gaban wani amintacce. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2001 ya ce bai ga abin da motsa idon ya ƙara ba, wani kuma a 2013 ya ce ya ƙara. Muhawarar ba ta ƙare ba, kuma ba mu ne za mu yanke ta ba. Amma a lura da abin da suke jayayya a kai: dalilin da ya sa jinyar take aiki. Galibin gwaje-gwajen sun nuna tana rage ciwon, kusan daidai da hanyar tattaunawa. Ba kowa take warkarwa ba, haka ma kowane magani. In da muna da ƙwararrun ɗaya hanyar a wadace, da ba mu damu da wadda aka zaɓa ba. Matsalarmu ita ce duka biyun sun yi wa talaka nisa.

Na uku su ne masu cewa a fara tsayar da kisan tukuna. Lalle tsaro shi ne gaba, kuma wanda har yanzu yake kwana a daji don tsoron hari, mafaka yake bukata kafin jinya. Amma dubban da suka riga suka tsira fa, su jira har yaushe? An ƙulla sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama a 2025. Ko sulhun ya ɗore ko bai ɗore ba, yaron da ya ga an yanka ubansa yana nan yana girma da abin a cikinsa. In ba a kula da shi ba, muna tsoron ko dai ya nemi barci a wurin masu sayar da ƙwaya, ko ya nemi ramuwa. Jinyar waɗannan yara ita ma aikin tsaro ce.

Akwai kuma gargaɗin da mu da kanmu za mu yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kada wani ya karanta wannan maƙala, ko ya kalli hoton bidiyo a wayarsa, ya je yana kaɗa wa ƙanwarsa yatsa a fuska. Tono irin wannan miki ba tare da shiri ba yana iya mayar da mutum cikin masifar ɗanya, ya bar shi cikin halin da ya fi na da muni. Mun kuma san ƙasarmu: da zarar abu ya yi suna, sai masu allon talla su cika gari, kowa ya zama gwani. Jinyar nan aikin wanda ya riga ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa ne, aka ƙara masa horo na musamman, kuma akwai na gaba da shi mai duba aikinsa.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. Inda babu likita kuwa, wani abu zai cike gurbin. Ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun buɗe wasu gidajen horo a Daura da cikin birnin Katsina, aka fito da mutane da mari a ƙafafunsu. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can, da yawansu rashin wata ƙofa ce ta kai su. A watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Doka ta yi kyau a takarda. Amma takarda ba ta zama da majinyaci na minti 90.

Ba sabon abu muke nema ba. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya a Aro, kusa da Abekuta, inda ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Darasinsa shi ne a kai jinya inda mutane suke, ta hannun waɗanda suka amince da su.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da ta ware kuɗi, ta haɗa kai da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da na Kware, a horar da masana halayyar ɗan Adam, da ma'aikatan jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa, da jami'an jin daɗin jama'a, a kan wannan hanya da 'yar'uwarta ta tattaunawa. A tabbata rabinsu mata ne, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A kuma kafa ƙa'ida cewa duk wanda aka kuɓutar daga daji, bayan an duba jininsa da ƙafafunsa, a koma a duba shi bayan wata ɗaya, da bayan wata shida, a tambaye shi barcinsa.

Muna kira ga jami'o'in jihar nan da su ƙarfafa karatun halayyar ɗan Adam, su fassara kayan aikin jinyar zuwa Hausa, su kuma gwada ta a kan mutanenmu bisa ƙa'idar bincike, domin mu sani da hujjarmu, ba da hujjar wasu ba. Garin da ya gina Gobarau bai kamata ya zauna jiran wani ya zo ya yi masa nazarin ciwonsa ba. Muna roƙon limamanmu da su faɗa a kan mumbari cewa firgita ciwo ce, ba hauka ba ce, ba kuma abin gori ba ce, su tura mutane asibiti tare da addu'arsu. Kalma ɗaya daga bakin liman ta fi takarda dubu daga ma'aikata.

Mu kuma ɗalibai, namu aikin ya fi kusa. Ƙungiyarmu ta nemi a samar da ɗaki mai sirri da ƙwararre a asibitin makaranta. Kafin nan, mu daina yi wa wanda ya zabura dariya, mu daina matsa masa ya ba mu labarin daji don jin daɗin hira. Mu zauna da shi, in ya yarda mu raka shi wurin likita. Abokin nan namu har yau yana tashi in babur ya wuce, sai dai yanzu in ya tashi yakan tarar da ɗayanmu ya kunna fitila, ya miƙa masa ruwa. Iyakar abin da muka iya ke nan, kuma mun san bai isa ba. Sauran yana hannun waɗanda Allah ya ba amanar jama'a da dukiyarsu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, ya ba waɗanda suka dawo lafiya da barci mai daɗi, amin.